Safar Ulu a Jidda

Daren Laraba, unguwar Mahjar

Yau Madam, wadda Umma ke wa aiki, ta tashi Poland da yaranta, ba ni. Ita ce fa ta ce in bi su raino. Har ta nuna mini hoton ƙaramin garin, gidajen katako da tsauni a bayansu, irin inda masoya ke haɗuwa a littattafaina. Na je na sayo safar ulu a ɓoye.

Da na roƙi Umma, cewa ta yi, "'Yar nan, ba ki da iƙama, takardar izinin zama. In kin fita, wa zai bar ki ki dawo mini? Halas, magana ta ƙare."

Ga ni kwance da safar a ƙafa, gumi sai zuba yake, amma na kasa cirewa.