Kumbon Karan da Ya Fi Ƙarfin Ƙofar Ajinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Masu Duba Makarantu na Shiyyarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, ina neman izinin in fara da baiti, domin ni mutum ne da ko barkono zai saya sai ya yi wa mai tallan ƙafiya:

Gaisuwa nake da ladabi gun manya,
Masu alƙalamin da ke gyara hanya.

Ni ne malamin Turanci na 'yan aji biyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke ƙasar Malumfashi. A makon jiya Malam Sufeto daga ofishinka ya ziyarce mu, ya bar mini takardar tuhuma mai laifi biyu: na bar darasina na shiga na malamin kimiyya, kuma na mai da ajin gwamnati rumbu. Ya kuma umarta a fitar da "tarkacen" kafin Litinin mai zuwa. Na amsa ta ofis, shiru. Shi ya sa na fito fili, tunda Litinin ba ta jiran kowa.

Na farko, yadda abin ya faro. Ranka ya daɗe ya san zangon farko a ƙasarmu. Da kaka ta kama, rabin aji yana gona: wannan na yankan dawa, wancan na cirar auduga, wani ya bi motar masara zuwa Funtuwa. Waɗanda suka zo kuwa, in na ce su karanta labarin da ke littafi sai baki ya ɗinke, kamar an kai su gaban alƙali. Wata safiya wata ya makara bai faɗi ba, yana rataye fari fat a kan rimin bayan makaranta. Wani ɗalibina Basiru ya tambaye ni ko gaskiya ne mutum ya taɓa taka shi. Na ce zan ba shi amsa in ya yi tambayar da Turanci. Ya yi ta, gurguwa, tana jan ƙafa, amma ta iso. Kafin a buga ƙararrawa hannuwa sun cika sama, kowa da tasa: me 'yan sama jannati ke ci, ina suke fuskanta in za su yi salla, ko gero zai fito a can. Shekaruna da yawa ina koyarwa, ban taɓa ganin yara suna rige-rigen yin kuskure ba sai ran nan.

Na biyu, abin da na koyar. Ban koyar da kimiyya ba, kuma malamin kimiyyarmu shaida ne cewa ko batir ban iya haɗawa ba. Manhaja ta ce a koyar da wasiƙa: suka rubuta wa iyayensu daga duniyar wata, Basiru har yana roƙon a kula masa da tunkiyarsa. Ta ce a koyar da muhawara: suka yi ta a kan ko ya dace a kashe dukiya a sama alhali ƙasa na bukatar taki, ɓangaren taki ya yi nasara, ni kuma na yi tafi. Ta ce a koyar da bayanin yadda ake haɗa abu daki-daki: nan ne kumbo ya shigo, muka ce mu ƙera namu na zuwa wata da kara a cikin aji.

Na uku, kumbon kansa. Yaran nan tun suna ƙanana suke ƙera motar kara. Kowa ya roƙi dami daga gonar gidansu, kuma Ranka ya daɗe ya san kara ba abin banza ba ne, abincin dabba ne da dangar gida, uban da ya bayar ya yi kyauta. Suka fere, suka soke da ɓawo, suka ɗaure da igiyar rama, suka lulluɓe da tsofaffin buhunan taki, suka manna auduga a gindi ta zama hayaƙi. Sharaɗina ɗaya ne: wanda ya nemi wuƙa ko igiya da Hausa, ya koma benci. Hafsatu, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai a kiran suna, ita ta zama shugabar aiki, tana ba maza umarni da Turanci har sai da na tausaya musu.

Sai dai mun yi wauta, ni ne kuma babba a cikinta. Mun auna tsawonsa da rufi, ba wanda ya tuna ya auna ƙibarsa da ƙofa. Mun gwada ta kai, mun gwada ta gindi, mun karkata shi kamar raƙumi zai shiga akurki. Tagogi kuma duk da ƙarafa. Don haka umarnin "a fitar" a wurinmu ma'anarsa "a karya".

Na huɗu, inda Malam Sufeto ya yi gaskiya da inda ya zalunce mu. Ya ce kara da auduga maƙwabtan gobara ne, kuma 'yan layin baya sun matsu. Wannan gaskiya ce, na karɓa hannu biyu. Abin da ya yi mini ciwo shi ne bai wuce bakin ƙofa ba. Bai buɗe littafin ɗalibi ko ɗaya ba, bai tambayi kowa komai ba. Hafsatu ta miƙe za ta yi masa jawabin maraba da ta shirya, ya ɗaga mata hannu ta zauna. Tun ranar ta koma muryar kiran suna.

Mun riga mun gayyaci iyaye ranar rufe zango. Yaran za su tsaya gaban kumbonsu su yi bayani da Turanci, ɗaya na faɗi ɗaya na fassarawa. Akwai iyayen da suka saki 'ya'yansu daga gona a tsakiyar kaka saboda wannan rana. In na sa aka karya shi, da wane ido zan sake roƙonsu baɗi?

Kara na gona ya yi niyyar zuwa wata,
Ƙofa ta ce masa ba ta nan ba, ɗan'uwa.
Mai son sama, in an tare shi daga ƙasa,
Sai ya ɗaga kai, can akwai wurin wucewa.

Ga roƙona. Mahaifin Hafsatu, Malam Iro kafinta, ya zo ya duba. Silin ajin ya daɗe da zubewa, abin da a da nake kuka da shi, yau ya zama rahama. Ya ce in aka cire 'yan fallayen kwano da katako ɗaya, za a zare kumbon ta sama da igiya, a sauke shi ƙarƙashin rumfa nesa da azuzuwa, ya mayar da rufin kafin azahar, har ya toshe yoyon da ke jiƙa allo, kuma ba ya son ko sisi. Shugaban makarantarmu ya ce ginin gwamnati ne, ba ya taɓa ƙusa sai da sa hannunka. Don haka ina roƙon abu uku: ka ba da wannan izini kafin Litinin, a dakatar da tuhumata har sai an karanta aikin ɗaliban, in an ga ba Turanci a ciki a hukunta ni, sannan ka zo da kanka, tare da Malam Sufeto, Hafsatu ta ƙarasa jawabinta.

Ranka ya daɗe, manyan ƙasashe kan tara injiniyoyi kafin kumbonsu ya tashi. Namu igiya ta samu, masu ja sun samu, sa hannu ɗaya yake jira.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama aiki da mutunci, Ya shirya maka zuriya, Ya ba 'ya'yanka malaman da za su saurare su in sun miƙe.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sabi'u Ƙarfi,
Malamin Turanci.