Kada A Canja Wa Madara Wuri

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifiyarku na rubuta wannan da hannuna, hankalina a jikina yake. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, bai ce kai ba. Duk wanda ya zo daga baya yana cewa tsohuwa ta rikice kafin ta ɗauki biro, ku tambaye shi ko ya taɓa yi mini wayo ina da rai.

Ku uku nake yi wa magana, Manaja, Lauya da Auta. Da sunayen da na laƙaba muku tun kuna yawo ba wando zan kira ku, tunda kun girma kun cika su. Kai babba ba ka jin daɗi sai kana ba da umarni, ke Lauya ba a gama magana da ke, kai kuma Auta kullum kana gefe kana kallon mutane.

Na gaji. Ƙafafuna sun kumbura, matakalar ofis ta fi ƙarfina, ƙamshin burodin da na yi shekaru ina jawo mutane da shi yanzu tashin zuciya yake sa ni. Ban ƙi tafiya ba. Abin da ya hana ni kwanciya da daɗi shi ne kantunan nan uku. Na ji kawunku ya riga ya raba muku su a bakinsa, wai kowa ya ɗauki reshe ɗaya a huta. Na kuma san babban kamfanin da ya buɗe a tsallaken titi ya turo wa Manaja wani mutum mai ƙamshin turare da jaka a hammata. Ba ku gaya mini ba, amma ma'aikata suna da kunne, ni kuma ina da ma'aikata.

Na ɗaya. Rabon gado ba nawa ba ne, Allah ya riga ya raba, masu ilimi za su zaunar da ku su faɗa wa kowa rabonsa. Roƙona a lissafa rabon kowa a cikin kasuwancin gaba ɗaya, kada a yanka kantunan. Sunan da ke jikin allo ɗaya ne, ya zauna ɗaya.

Na biyu. Kayan sawata a ba matan da ke share mana kanti da safe su zaɓa, kafin dangi su iso da manyan jakunkuna. Ƙaramin teburin da ke bayan ofis, wanda na fara kasa sabulu da ashana a kansa a ƙofar gida, kada a jefar da shi don ƙafarsa ta karye. Auta ya ɗauka, shi ne mai tausayin tsofaffin abubuwa. Motar mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ta gama aikinta na duniya. A sayar wa masu ƙarfe, ku daina yi mini ƙarya wai za a gyara.

Na uku, kuma saboda shi na tashi zaune nake rubutun nan. Kada a canja wa kaya wuri. A duk kantunan uku, in mutum ya shigo, burodi na hannun damansa, madara da sukari da ganyen shayi na layin farko, sabulu da kayan wanki na can ƙurya kusa da tsintsiya. Haka na jera su tun kanti yana ɗaki guda, haka na kwafe a reshe na biyu da na uku, haka za su zauna.

Manaja, na san abin da aka koya maka a makaranta, kuma ba ƙarya aka koya maka ba. In ka hargitsa kaya, mai saye zai yi ta yawo yana nema, a yawon ya ɗauki abin da bai zo saye ba. Ni za a gaya wa dabara? Wa ya ajiye alewa daidai tsayin idon yara a gaban mai karɓar kuɗi? Wa ya sa a riƙa fito da burodi da zafinsa a lokacin da ma'aikata ke tashi daga aiki da yunwa? Dabara halal ce a kasuwa. Amma akwai wadda in ka yi, ciniki zai ƙaru na wata ɗaya, mutanen kuma su tafi ba sallama.

Ka tuna tsohon direban jirgin ƙasan nan, dogo, mai gugaggiyar riga, wanda ba ya ɗaukar kwando sai dai ya rungume kaya a ƙirji. Shekara da shekaru shi yake yi wa gidansa cefane a babban reshenmu. Idonsa ya daɗe da tafiya. Ni na gane, don na ga ya daina karanta farashi, hannunsa kawai yake miƙawa ya ɗauko abin da yake so daidai. Iyalinsa ba su sani ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hango fitila daga nesa bai shirya a ce masa makaho ba. A kantinmu yana da ido, ƙafarsa ta san hanya, hannunsa ya san kanta.

Lokacin da aka kwantar da ni a asibiti, ka sa aka juya kanti. Ya shigo kamar kullum, ya miƙa hannu inda madarar gari take, ya ɗauko ledar garin sabulu, ya biya ya tafi. A gaban surukansa da jikoki matarsa ta buɗe jakar za ta haɗa wa baƙi shayi. Aka yi dariya, aka gama dariya, sai aka fara kallon idonsa. Daga ranar aka karɓe cefane daga hannunsa aka ba jikarsa, ita kuma tsallaken titi take zuwa, don can akwai kiɗa da sanyi. Da na fito na mayar da komai wurinsa, na je har gida na gaishe shi. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce ba komai, yana zaune a kujera yana fuskantar bango. Bai sake taka ƙofarmu ba har ya rasu.

Ba don in tona maka ciwo na kawo wannan ba, ɗana. Ba ka san da matsalar idonsa ba, kuma ni ce ban faɗa wa kowa ba don sirrinsa ne. Na kawo shi ne don ku gane abin da kuke sayarwa. Sukarinmu bai fi na kowa zaƙi ba, tsallaken titi ma sun fi mu araha a abubuwa da yawa. Abin da ke dawo da mutane shi ne a wurinmu ba sa jin kansu baƙi. Mace ta taso daga aiki a gajiye, goyo a baya, ta shiga ta fito ba ta yi tunanin komai ba. Wanda bai iya karatu ba ya yi sayayyarsa ba tare da ya tambayi kowa ya ji kunya ba. Wanda aiki ya mayar wata unguwa ya shiga reshenmu na can, ya ga komai inda ya bar shi, ya yi ajiyar zuciya. Ku saurari bakinsu, ba sa kiran sunan da ke allo, cewa suke bari in biya kantinmu. Ranar da kuka raba, kowa ya jera nasa yadda ya ga dama, wannan kalmar ta mutu, ku zama masu shago uku a cikin dubu.

Na huɗu. Lauya, gaskiyarki ce a kan maganar juya kantin, amma kin faɗe ta a gaban ma'aikata da masu saye, kika kira yayanki da sunan da ba zan rubuta ba. Tun ranar sai ta bakin direban kanti kuke magana da juna, shi ma ya gaji, ya zo ya same ni. Ke za ki fara zuwa gidan yayanki, ba don kin yi ƙarya ba, don ke ce ƙarama. Kai kuma in ta zo kada ka tsaya kana gyaran murya. Ka san ta fi ka sanin masu kawo kaya, ta san ka fi ta iya zama da banki da hukuma. Kowannenku rabin ɗan kasuwa ne, ni na haife ku na sani.

Na biyar. Bencin da ke bakin ƙofa ya zauna, ko da masu zama a kai ba sa sayen komai, 'ya'yansu suna saye. Wanda ya dawo da kaya ya ce sun lalace a canja masa ba tare da an yi masa tambayoyin 'yan sanda ba. Wasu za su cuce ku, na san su da fuska, ku bar su, ba su da yawa. Masu karɓar kuɗi kada a riƙa yawo da su daga reshe zuwa reshe, mutane fuskar da suka saba suke bi a layi ko da ya fi tsawo.

Na shida. Na san roƙon uwa yana da ƙarfi ne kwana kaɗan bayan an binne ta, daga nan mai turare ya dawo da jakarsa. Shi ya sa ban tsaya a roƙo ba. Babban siton da duk kantunan uku ke ɗibar kaya, da ɗakin sanyin da ke cikinsa, ba ya cikin gado. Tun ina da lafiya na bayar da shi sadaka ga gidan marayun da ke bayan asibiti, a gaban shaidu da lauya, na gaskiya ba ke ba. Sharaɗin da ke ciki shi ne, muddin kantunan suna hannunku a ƙarƙashin suna ɗaya, ku za a bar wa hayarsa a sauƙaƙe. Ranar da aka raba ko aka sayar, marayu su ba wanda suka ga dama. Kamfanin tsallaken titi siton nan yake so fiye da kantunan, na daɗe da karanta idonsu. Auta, kai na sa wakili tsakaninku da gidan marayun, don kai kaɗai ne su biyun ke jin kunyar yi wa ihu. Ku ji haushina in kuna so, ina kwance ba zan ji ba, kuma jin haushin nawa ma abu ne da za ku yi tare.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda kuka ɗauka ban sani ba. Ku ma ku yafe mini yarintarku da kuka yi a bayan kanta kuna barci a kan kwali. Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya sa ku ci halal, ya hana maƙiyi samun ƙofar shiga tsakaninku. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a gida ɗaya ko da sau ɗaya ne a mako, 'ya'yanku su san junansu tun kafin su san rabo.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, in an dawo daga kai ni, kada ku bar ƙofofi a rufe. Akwai wadda za ta zo sayen burodin yara ba ta san na mutu ba, kuma ba laifinta ba ne. Ta tarar da fitila a kunne, ta tarar da ɗayanku a tsaye.

Mahaifiyarku.