Kwamfutar Baba Ta Sauya Fuska

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, na bi shawararka, ga ni ina cizon yatsa. Ka ce an daina turo wa tsohuwar manhajar kwamfutar Baba kariyar tsaro ta kyauta, ta zama gida ba ƙofa. To, na kai wa mai gyara, ya sa wata manhajar daban. Ba abin da ya ɓata, tarihin gidanmu da Baba ya shekara shida yana rubutawa yana nan.

Amma tun ranar ko harafi bai ƙara ba. Sai ya zauna a teburin falo, ya latsa nan, ya latsa can, ya ja tsaki, ya rufe. Sau bakwai ina nuna masa. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi! Kai kana can kana ba da umarni, ni nake shan harara. Wallahi na gaji.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka.

Yaya,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Jiya haƙurina ya ƙare, na ɗaga wa Baba murya, Allah ya yafe mini. Na ce ga alamar buɗe littafinsa nan a fuskar kwamfutar, a gabansa ƙuru-ƙuru. Sai ya kai yatsa kusurwar hagu ta ƙasa, inda take a da, inda yanzu babu komai.

Yaya, Baba ba ya ganin alamomin. Da na matsa masa, ya ce an fi shekara. Haddace wurin kowace ya yi, rubutun kuma yatsunsa sun san hanya. Ya ɓoye mana ne don kada mu ce ya huta. Mu kuma muka kwashe masa ɗaki muka sake jere, muna cewa tsaro.

Yau na kira mai gyara gida. Baba yana faɗa, shi yana mayar da kowace alama mazauninta, ya kuma ƙara girman rubutu. Ranar Alhamis za mu ga likitan ido, bayan an sha daga kafin ya yarda.

Babi ɗaya ya rage masa, na marigayiya Mama, kuma yana tsoron idon zai riga shi. Don Allah kada ka turo mini wata shawarar. Ka zo.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.