Motar Baba Ja Ce Ko Koriya?

Yaya,

Na tarar kana barci, ban tashe ka ba.

Jiya na kawo masu fenti biyu su duba tsohuwar motar marigayi Baba, mai ƙofa biyun nan. Na bakin kasuwa ya ce zai fesa mata ja, ta fito kamar amarya. Dattijon bayan tasha kuwa ya kankare gefen ƙofa, sai ga kore a ƙasan jan. Wai asalin launinta ke nan, in ba kore ba, ba ruwansa.

Kaina ya kulle. Ba da jar mota Umma ke cewa Baba yake zuwa zance ba? To yaushe ta taɓa zama koriya?

Kada ka ba kowa makullin. Umma kuma, bari na dawo mu tambaye ta tare.

Ƙaninka