Tambayar Bakin Ƙofa Ta Hana Balaraba Koyon Karatu

Zuwa ga Mai Girma Daraktan makarantar firamare ta unguwarmu, New Bell, Douala.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da malamanka, ni ne Sani tela, kawun Balaraba ta aji uku. Sau uku ina rufe shago in zo ofishinka, sau uku ana ce mini kana taro. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah ya sa wani ya karanta maka.

Na farko, ka san wace ce Balaraba. 'Yar ƙanwata ce. A Bamenda aka haife ta, ta fara makaranta da Turanci, rikicin yankin masu Turanci ya rufe makarantar, ta shekara uku a ɗaka. Uwarta ta sako ta a mota zuwa wurina don abu ɗaya tak, ta koyi karatu. Yau shekarunta goma sha biyu, tana zaune cikin 'yan shekara takwas, gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashin benci. Ba ta taɓa yi mini ƙorafin wannan ba.

Na biyu, dokar bakin ƙofa. Kowace safiya malami yana tsayawa da kwali cike da 'yan takardu, yaro ya zari ɗaya, ya karanta tambayar, ya amsa. Wanda ya kasa, ya tsaya a tsakar gida har a gama darasin farko. Ranka ya daɗe, ka duba jadawalin aji uku. Darasin farko shi ne karatu.

Balaraba ta san amsoshin. Duk Juma'a kuna ba su jerin tambayoyin mako, ni nake karanta mata ina taka keken ɗinki, tana haddacewa. Ta san kogin Nilu, ta san Canberra ce babban birnin Ostareliya, ta san ƙasusuwan jikin mutum ɗari biyu da shida ne. Ni kaina da furfurata na zama masani, har masu kawo ɗinki sun fara tsokanata da Farfesa. Amma idan ta zari takarda ba ta iya karanta tambayar, kuma doka ta hana a karanta mata. Sai ta tsaya waje. Wato kuna hukunta ta don ba ta iya karatu ba, hukuncin kuma shi ne a hana ta shiga ajin karatu. Na juya wannan lissafi ta kowace fuska, kaina ya kasa ɗauka.

Na uku, ranar Litinin da ta wuce ta dawo a jiƙe sharkaf, ka dai san ruwan Douala. Na tambaye ta me ke cikin takardar. Ta ce wata yarinya ta gaya mata daga baya, dutse mafi tsawo a Kamaru ne. Ta ce, Kawu, ai na sani, da ya tambaye ni da baki. Daga nan ta ce in bar ta ta bi matata kasuwar Ndokoti sayar da ƙosai, can babu mai tsayar da ita a ruwa.

Na huɗu, na tayar da maganar a taron iyaye. Wani Alhaji da ke kawo ɗansa a mota daga unguwar Makepe ya ce ilimin duniya shi ke buɗe kan yaro, kuma da shi makarantar ke ciyo kofi a gasa. Aka tafa masa. Ban musa ba, kofunan na gan su a kan kabad. Amma ɗansa ya iya karatu tun a gida. A layin tsakar gida kuwa, je ka ƙirga da kanka, kusan duk yaran da rikici ya koro ne, kullum fuskoki ɗaya.

Na gaji, Darakta. Na gaji da rarrashi kowace safiya, na gaji da yi wa uwarta ƙarya a waya cewa komai lafiya.

Ga roƙona. Kada ka soke tambayoyin. A mayar da su lokacin tashi. Idan ba zai yiwu ba, a karanta wa wanda bai iya ba, ya amsa da baki. Idan hukuncin ya zama dole, to a yi shi a cikin aji, ko a durƙushe ne, inda kunnenta zai ji malama.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka lafiya da haƙurin jama'a, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Na shawo kanta ta ƙara mako ɗaya. Ita za ta kawo maka kwafin wannan takarda da hannunta. Na so in liƙe ambulan don kada ta ga abin da na faɗa a kanta, sai na tuna babu bukata.

Wassalam.

Sani tela, kawun Balaraba,
New Bell.