Kada Yari Ya Taɓa Motar Baba

Yaya Ubaidu,

Na fita kana barci. Don Allah kana tashi ka wuce garejin Yari a Tudun Wada, ka hana shi taɓa motar Baba.

Jiya a Gidan Igwai wani mai keke napep ya buge min ƙofar motar ta baya, ta lotse har ba ta rufuwa. Mutane sunka taru, wani dattijo ya ce ƙaddara ce, a yafe. Yaron mai keken kuma sai haƙuri yake ba ni. Kunya ta kama ni, na ce na yafe. Ko lambar kekensa ban ɗauka ba.

Da yamma na kira mutumin inshora, ya ce ba abin da za su yi sai sun ga motar yadda take, an kuma kawo wanda ya buge ta. Yanzu Inna ke gaya min wai tun asuba Baba ya sa anka kai ta gareji. Ka san Yari, ba ya jiran kowa, guduma kawai zai ɗauka. Wayarsa a kashe.

In ya miƙar da ƙofar nan, gyaran ya dawo kanmu. Ga asibitin Inna ranar Alhamis, kuma da wannan ciwon ƙafar nata ba za ta iya hawa keke ba.

Ni na koma Gidan Igwai. Jiya a gaban jama'a na sallame shi da Allah ya kiyaye gaba. Yau ga ni zan bi tasha-tasha ina cigiyar yaron da ko sunansa ban tambaya ba.

Murja