Hoton da Lyuben ya ɗauka

Inna Nevena, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure. Mijina Lyuben direban motar madara ne, ko in ce a da. Ciwon damuwa ya kayar da shi tun bara waccan. Ƙwayoyin asibiti kuwa ya sha iri-iri, a canza wannan a ƙara wancan, ko gezau. Mutumin da ko a gidan makoki sai ya sa an murmusa, yanzu wuni yake yana kallon bango.

Likitar garinmu ta ce akwai maganin da ake fesawa a hanci, na waɗanda ƙwayoyi suka gaza a kansu, amma ba a ba mutum ya tafi da shi gida. A asibiti ake yi, a zaunar da shi a sa masa ido. Ita ma ba ta san inda ake yi kusa da mu ba. Na buga waya har kunnena ya yi zafi, kowa sai ya tura ni gaba.

Surukata ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, ya kurɓi rakiya, barasar nan tamu ta gargajiya, ya shiga gonar inabi zai warware. Ƙaninsa Tsvetan da ke aiki a Jamus ya ce zai samo maganin ta bayan fage, a fesa a ɗaki ba wanda ya ji.

Gaggawar da nake yi, sauƙi ne ya fara leƙowa, ba na so ya kuɓuce mana. Makon nan da kansa ya yi aski, ya sa kwat ɗin aurenmu, ya je ya ɗauki hoto. Ya ba ni ya ce in ajiye inda ba zan manta ba. Har fita yake da yamma, ya tsaya a bishiyar dandali inda ake manna sanarwar mutuwa, yana duba hotunan mamata, ya dawo ya ce na wane bai yi kyau ba. Ya kamata in yi murna, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ina zan sami asibitin nan?

Matar direba, daga wajen Lovech

'Yata, tambayarki tana da amsa. Likitan ƙwaƙwalwar da ke rubuta masa ƙwayoyi shi zai tura ku, don shi ya san abin da aka gwada ya ƙi. In bai sani ba, ki kira sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin lardi. Tsvetan ƙauna ce ta sa shi, amma maganin nan yana iya tayar da hawan jini ya kuma juya hankali na ɗan lokaci, shi ya sa ake tsare mutum. Kada maganin ya shigo gidanku. Surukarki bakin mutane take tsoro, ban ga laifinta ba, sai dai rakiya ƙara zurfafa ciwon take yi.

Amma ba wannan ne ya sa na ajiye wasiƙun sauran masu karatu ba. Ni da ke mun san abin da ake yi da hoton mutum cikin kwat a ƙasar nan, shi ake sawa a sanarwar mutuwa, kuma zuciyarki ta riga ki ganewa. Ina tsoron ba sauƙi kike gani ba, shiri ne.

Yau, ba gobe ba, ki zauna da shi ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambaya ba ta jefa wa mutum wannan tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai. Ki kwashe ƙwayoyin, in akwai bindigar farauta a fitar da ita. Ki kai shi wurin likita ki faɗi maganar hoton yadda kika faɗa mini. In ya ƙi, ki kira lambar gaggawa, 112. Gara ya yi fushi da ke.

Mutane suna fita daga ciwon nan, na ga waɗanda suka fita. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa hoton nan ya tsufa a aljihun tebur har jikoki su yi wa kwat ɗin dariya.

Inna Nevena